Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan yaranmu da ke kwana kaso

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu iyaye maza da mata, da malaman allo, da masu sana'ar hannu na unguwannin Kara-Kara, Garin Malam, Zango da Birni, mun kawo kukanmu gaban uban ƙasa a kan yaranmu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, da ake kamawa da laifi.

Ranka ya daɗe, ba mu zo wanke kowa ba. Ƴan pale, wato gungun samarin unguwa masu ta'asa, sun addabi garin nan, mu ne kuma ke kwana cikinsu. Mun san fizgen waya, mun san sara da adda tsakanin wannan pale da wancan, mun san abin da ake yi wa ƴan mata idan dare ya yi. Ba mu manta da watan Janairun 2015 ba, ranar da hayaƙi ya rufe gari, da yawan ƙananan yaran da aka gani cikin tarzomar. Wanda ya zubar da jini, shari'a ta yi aikinta a kansa.

Kukanmu a kan ƙananan ne. Yaro ɗan shekara 14 ya saci akuya ko batirin babur, a lakaɗa masa dukan kawo wuƙa a bakin kasuwa, a miƙa shi komisariya, wato ofishin ƴan sanda, uwarsa ba ta ji ba sai a bakin maƙwabta. Daga nan sai kaso, ya zauna jiran shari'a wata da watanni don babu mai bin maganarsa. Da yawa almajirai ne, iyayensu na ƙauye, ba su ma san an kama su ba. Ranar da zai fito, ya koyi fasa kwaɗo, ya san wurin da ake sayar da kayan sata, kuma unguwa ta riga ta sa masa suna. Tela ba ya ɗaukarsa, makaniki ba ya ɗaukarsa. Pale ne kaɗai ke yi masa maraba, har a ɗaga shi sama don ya taɓa kaso. Shi kuwa mai shagon da ya sayi batirin, da mai tallar tramol da sholisho da ya cinye kuɗin, suna nan zaune a inuwa, har gaishe su ake yi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne dokar ƙasa ba ta ce a yi haka ba. Tun 1999 Nijar ta kafa kotunan yara, dokar 20 ga Nuwamban 2014 kuma ta sake tsara aikinsu. Yaron da bai kai shekara 13 ba ba a yanke masa hukuncin laifi, matakin kariya ake ɗauka a kansa. Daga 13 zuwa 18 alƙalin yara ne ke duba lamarinsa, yana da ikon mayar da shi hannun iyaye ko wani amintacce, ko ya tura shi inda za a gyara tarbiyyarsa, irin cibiyar da ke Dakoro a jihar Maraɗi. Amma alƙali ba zai damƙa yaro ga wanda bai zo ba, talaka kuwa tsoron ƙofar kotu yake ji.

A nan muke roƙon Sarki ya sa baki. A umarci masu unguwanni, duk yaron da aka kama a yankinsu, su nemo iyayensa ko malaminsa a ranar, su raka su wurin hukuma. Fada ta sa wakili mai zuwa gidan kaso a kai a kai, ya ga yaran da idonsa, ya tabbatar ba sa cuɗanya da manya, ya kai wa alƙalin yara sunayen waɗanda suka daɗe ba a saurare su ba. Ƙananan laifuffuka kuma, inda doka ta ba da dama kuma mai kaya ya yarda, a sasanta gaban dattawa a biya shi kayansa.

Mu ma ba mu zo hannu rabbana ba. Cikinmu akwai dukawa, da majema, da maƙera, da masu walda da kafintoci, kowa ya yarda ya riƙe yaro ɗaya ko biyu, muddin alƙali ya ba shi a rubuce, mai unguwa ya shaida. Da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011 mun zaci samari za su samu aiki, sai ga mafi yawansu da kwalaben ruwa-ruwa, wato fetur ɗin bumburutu, a bakin titi. Mun daina jiran wannan. Kayan aiki ne dai suka yi mana ƙaranci, don haka muna fatan Sarki ya kira attajiran gari da magajin gari a kan wannan.

Ƴan Kara-Kara sun ce lallai a rubuta nasu: tun da aka keɓe unguwar ga masu cutar kuturta ake yi wa jikokinsu kallon masu laifi, yaro ya faɗi unguwarsu kawai sai a fara lalube aljihu. Suna roƙon limamai su taɓo wannan a huɗubar Juma'a, tare da maganar dukan ɓarawo.

Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada su yi bayani baki da baki. Sunayen masu sana'ar da suka amince da sa hannunmu suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka, iyaye da malamai da masu sana'a na birnin Damagaram.