A Koyar da Waƙar John Clare Tare da Tarihin Ƙasar da Ta Haife Ta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin malaman adabin Turanci na makarantunmu na sakandare, musamman a nan Kaduna, kan wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato koyar da waƙoƙin Ingila na ƙarni na 19 ba tare da an gaya wa ɗalibi wane ne marubucin ba, balle abin da ya same shi da mutanensa. Yaro yakan haddace adon harshe don cin jarrabawa, ya fita yana zaton mawaƙan nan ba su da aiki sai kallon tsuntsaye da furanni. Babu malamin Hausa da zai karantar da waƙoƙin Nana Asma'u bai ambaci jihadi da hijirar Gudu ta 1804 ba. Mawaƙin da zan kawo misali da shi kuwa, John Clare, tsaranta ne, domin shekarun da aka fi ambatawa na haihuwarta da rasuwarta, 1793 da 1864, su ne nasa.

An haifi John Clare a ƙauyen Helpston, wanda a lokacin yake yankin Northamptonshire. Mahaifinsa ɗan ƙwadago ne mai sussuka a gonakin mutane, shi Clare kuwa bai yi nisa a makaranta ba ya shiga kiwo da aikin lambu da ƙona farar ƙasa. A wancan lokaci ana noman ƙauyen ne a manyan fegi marasa shinge, kuma akwai fili na kowa da kowa inda talaka ke sakin saniyarsa, ya yi itace, matarsa kuma ta yi kalar hatsi bayan girbi.

A 1809, Clare yana ɗan shekara 16, Majalisar Dokokin Birtaniya ta zartar da dokar killace filayen Helpston da ƙauyukan kewaye. Yaƙin da ake gwabzawa da Faransa ta Napoleon ya sa hatsi tsada, masu manyan gonaki kuma suka ga riba a mayar da kowane taku na ƙasa gona. Masu awon ƙasa suka shigo, aka shata iyakoki, aka kafa shingaye, aka sare tsofaffin itatuwa, aka miƙar da rafuka, aka toshe hanyoyin ƙafa da kakanni suka bi. Zuwa 1820 aiki ya kammala. Wanda yake da takardar mallaka ya sami kasonsa, wanda kuwa al'ada ce kaɗai hujjarsa ya tashi a tutar babu. Duk wanda ya ga yadda ake cinye burtali da makiyaya a ƙauyukanmu, ko yadda gonar gado a bayan gari kan wayi gari an yanka ta fulotai, ba ya bukatar dogon sharhi. Gaskiya ne masu goyon bayan dokar sun ce za ta ƙara amfanin gona, kuma a wurare da dama ta ƙara. Abin da Clare ya rubuta shi ne labarin waɗanda aka ci ribar a kansu.

Idan ɗalibi ya san wannan, waƙarsa mai suna “The Mores” za ta buɗe masa, har ya gane dalilin da ya sa mawaƙin ya tsaya kan wani ɗan allo da aka kafa a bakin hanya ana sanar da cewa ba a bi ta nan. A “The Lament of Swordy Well” kuwa ya sa wani yankin ƙasa ne ya yi magana da bakinsa, yana kuka kamar matalaucin da ya koma cin sadakar hukuma, an nome shi an haƙe duwatsunsa har ya kasa ciyar da ko da ƙudan zuma. A ganina wannan ita ce mafi ƙarfin waƙoƙinsa.

Littafinsa na farko ya fito a Landan a 1820 a hannun John Taylor, wanda shi ne kuma mai buga wa mawaƙi John Keats, aka yi masa bugu huɗu cikin kusan shekara guda. Sai dai masu hannu da shuni sun so shi ne a matsayin baƙauyen da ya iya waƙa. Taylor ya riƙa gyara masa karin harshen ƙauyensu, ubangidan Clare, Lord Radstock, kuma ya matsa har aka cire baitocin da ya la'anci dukiya a cikinsu. Littattafan da suka biyo baya a 1821 da 1827 da 1835 ba su yi kasuwa irin ta farko ba, ga iyali mai yawa, ga bashi, ga shaye-shaye.

Ba zan ce dokar killacewa ce ta taɓa masa hankali ba, domin dalilan sun yi yawa. A 1837 aka kai shi gidan jinyar masu taɓin hankali a High Beach cikin dajin Epping. A watan Yuli na 1841 ya gudu, ya taka kusan mil 80 a ƙasa cikin kwana huɗu, har da cin ciyawar bakin hanya saboda yunwa, yana neman Mary Joyce, masoyiyarsa ta ƙuruciya, wadda ta rasu tun 1838. Kafin shekarar ta ƙare aka kai shi asibitin Northampton, inda ya zauna har mutuwarsa, kuma can ya rubuta “I Am”, wadda ita aka fi sakawa a littattafan makaranta.

Waƙoƙi biyun nan na killace filaye ba a buga su ba yana raye, sai a ƙarni na 20 aka zaƙulo su daga takardunsa. Ina roƙon malaman da ke karantar da “I Am” su kawo ko da ɗaya daga cikinsu aji, su karanta su tare.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin adabi mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.