Rahoton Kwamitin Gyara: Abin da Muka Tarar a Ƙarƙashin Filin Makaranta

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Gyaran da kuka ɗora mana a Islamiyyarmu ta Tudun Wadan Zariya ya kammala, alhamdu lillahi. An ɗaure fandishon bangon da ya tsage, an sake kwano da silin, an ja magudana har kwalbatin bakin titi.

Wasunku sun yi ƙorafin cewa mun daɗe ba mu sa diga ba. Gaskiya ne. Makarantar nan ba a rana ɗaya aka gina ta ba: wannan ya ba da aji, wancan ya haƙa rijiyar burtsatse, wani ya jawo wuta, amma babu wanda ya bar takardar da ke nuna inda aka binne bututu da waya. Ga yara suna karatu a gefe. Diga kuwa in ya sari wayar da ke da wuta, rai ake magana.

Sai muka ɗauko mai na'urar gano waya. Ita na'urar maganaɗisun da ke kewaye da waya mai wuta take ji, kuma in an jona wa bututun ƙarfe sigina tana iya bin sa. Da ita muka gano wayar da ke kai wa injin rijiyar wuta, a daidai layin da muka so haƙa magudana. Amma bututun roba ba ta jin sa ko kaɗan. Nan Baba maigadi ya fitar da mu kunya. Ya ce a gabansa aka binne shi, daga tanki zuwa wurin alwala, ta bayan dalbejiyar nan. Muka tona ramukan gwaji da shebur, a hankali, sai ga shi. Har tsohuwar salga da aka rufe da silab ya nuna mana, wurin da tifar yashi za ta tsaya ke nan!

Haƙa duk Alhamis da Juma'a aka yi, ranakun da babu karatu, kafin Asabar an cike ko an killace da kwano. Rabin mita kusa da waya, hannu kawai muka yarda a sa. Bututu bai fashe ba, ba wanda ya ji ciwo.

Mun zana taswirar komai da awonsa daga bango, ɗaya tana ofishin shugaban makaranta, ɗaya wajen sakatare. Saura cike salgar, muna roƙon a taimaka a gama kafin ruwa ya sauka.