Rahoton Ayyukan Shekara: Zamanmu da Filin Jirgi

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, membobin wannan ƙungiya.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa ayyuka uku: a binciko yadda maƙwabtan filayen jiragen sama a wasu ƙasashe suka ƙare da nasu filayen, a fara rubuta ƙarar jirage maimakon ƙorafi da fatar baki, sannan a nemi zama da hukumar filin. Na farko ya tafi fiye da yadda muka zata. Na biyu ya yi ɗingishi. Na uku kuwa, an dai zauna.

Zaman karatun tarihi

Ba zan ɓoye muku ba, ina cikin waɗanda suka ce wannan zama ɓata lokaci ne. Na janye maganata tun ranar da aka karanta mana shari'ar Causby, wani mai kiwon kaji kusa da Greensboro a Amurka. Jiragen soja na ratsa samaniyar gonarsa da tazarar ƙafa 83 kacal, kaji su firgita su yi ta karo da bango, har kusan 150 suka mutu. A 1946 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce an ci masa dukiya, ko da yake ba wanda ya taka ƙasarsa. Ɗakin ya yi tsit. Wani dattijo a baya ya ce ashe sama ma ana ƙwace wa mutum.

Daga nan muka bi yadda filayen suka yi ta kumbura. Na farko-farko fili ne mai ciyawa da 'yar rumfa, jiragen kuma masu farfela. Da jiragen jet suka shigo, Comet a 1952, Boeing 707 a 1958, sai 747 a 1970, titin tashi ya buƙaci ƙarin tsawo, tsawon kuma daga gonakin mutane ake yanko shi. Gari ma ba ya zama wuri ɗaya: inda aka buɗe hanya da aikin yi, nan gidaje ke bi, sai a wayi gari filin da aka kai bayan gari ya koma tsakiyarsa.

Heathrow na Landan sunan wani ƙauye ne da aka rushe a 1944 da ikon dokar yaƙi, aka buɗe wurin ga fasinja a 1946. Sunan kaɗai ya rage. Yau ƙauyukan Harmondsworth da Longford da Sipson ke zaman ɗarɗar saboda titin tashi na uku da ake shirin yi wa filin: majalisa ta amince a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta taka birki a Fabrairun 2020, Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci a Disamban shekarar. Membobi da dama a nan suka fi jin abin a jikinsu, domin gidan da ke jiran hukunci ba ya sayuwa da daraja, mai shi kuma ba ya da ƙwarin guiwar gyara ko rufin da ke yoyo.

Narita, filin jirgin da ke kusa da Tokyo, ita ce ta cinye mana zama biyu. A 1966 gwamnatin Japan ta zaɓi yankin Sanrizuka ba tare da ta tuntuɓi manoman wurin ba. Aka shekara goma sha biyu ana gwabzawa, rayuka suka salwanta a ɓangarorin biyu, kafin filin ya buɗe a 1978 da titi ɗaya tak. Titi na biyu sai a 2002, shi ma mita 2,180 maimakon 2,500 da aka tsara, domin wasu manoma sun ƙi sayarwa. Matasanmu sun yi ta tafi. Shugaba ya tuna musu cewa manomin da ya riƙe gonarsa yana noma ne jirage na wuce masa ta ka daga safe har dare.

Wanda ya fi ba mu abin riƙewa shi ne Frankfurt a Jamus. Can an hana tashi da sauka daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba tun Oktoban 2011, watan da aka buɗe titi na huɗu. Wannan hani ya samo asali ne daga teburin sulhu da aka kafa tun ana shirin faɗaɗawar, lokacin da filin ke neman wani abu a hannun maƙwabtansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ra'ayin kwamiti ke nan: mun daɗe muna kai kuka bayan kwalta ta bushe, alhali magana a kan taswira ake yanke ta, shekaru kafin a ji rugugin farko.

Rubuta ƙarar jirage

Mun raba takardun cikewa, mun koya wa masu waya amfani da manhajar auna ƙara. Wata biyu ana yi da zafi, sai aka watse. Laifin kwamiti ne, ba mu naɗa mai bibiya ba. Akwai kuma ruɗani da ya kamata a warware. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018 ga yankin Turai, ta ce a ma'aunin ƙarfin sauti, wato desibel, kada ƙarar jirage ta wuce 45, da dare kuma 40. Waɗannan alƙaluma matsakaici ne na tsawon lokaci, ba ƙarar jirgi ɗaya a daidai wucewarsa ba. Don haka wanda ya ɗaga waya ya ga babban adadi ya tura wa kowa, bai kawo hujja ba tukuna.

Abin da ya fitar da mu kunya littafin wata baiwar Allah ne, uwa ce gare mu duka, ta roƙi kada a ambaci sunanta. Littafin 'yan makaranta ne, bangonsa ya yage, an ɗaure biro da zare a jikinsa. Ba ta san desibel ba. Lokaci take rubutawa, da ɓangaren da jirgin ya fito, da ko taga ta girgiza, da ko jikanta ya farka. Ba ta tsallake dare ko ɗaya ba. Shi kaɗai ne takardarmu da jami'an filin suka karɓa suka yi ta buɗawa shafi bayan shafi.

Malaman makaranta a cikinmu sun kawo nasu: malami na tsaka da bayani sai ya yi shiru har jirgi ya wuce, kafin ya dawo hankalin yara ya tashi. Mun nuna musu binciken da aka yi a Munich ta Jamus lokacin da aka sauya wa filin jirgin birnin mazauni a 1992. Karatu da haddar yaran da ke kusa da tsohon filin sun inganta, na kusa da sabon suka ja baya.

Zama da hukumar filin

Sun karɓe mu da mutunci, wannan gaskiya ne. Mun je da tsarin da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince da shi a 2001: rage ƙara daga injin, tsara amfani da filayen kewaye, gyara hanyoyin tashi da sauka, sai taƙaita zirga-zirga idan sauran sun gaza. Su sun kafe a kan na biyu, wai mu ne muka matso. Wasunmu kam sun matso, ba ma musu. Amma akwai gidajen da suka girmi shingen. Ba mu kuma je neman a rufe filin ba, da yawanmu daga nan suke ci da iyalinsu.

Wuri ɗaya bakinmu ya zo daidai: juji. Shara na tara tsuntsaye, tsuntsu kuma na kashe injin, kamar yadda ya faru da jirgin da dole ta sa ya sauka a kogin Hudson na Amurka a 2009. Mun yi aikin gayya mun kwashe jujin da ke jikin shinge, su suka kawo motar.

Taswirar shirin faɗaɗawa da muka nema a rubuce har yau ba ta iso ba. Mun sake aika wasiƙa.

Kuɗi da abin da ke gaba

Ma'aji zai karanta lissafinsa daban a taro. Kuɗin wata-wata dai bai shigo yadda ya kamata ba, shi ya sa sayen na'urar auna ƙara ta gaske ya koma baɗi. Tattara takardun mallakar gidaje da gonaki ya kai rabin hanya. Wanda bai kawo nasa ba ya zo da kwafi ranar babban taro, asalin ya bar shi a gida. Muna kuma neman mutum ɗaya a kowane layi da zai ɗauki littafi da biro.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.