A tura likitocin soja, amma a tura su da wuri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan batun tura likitocin soja ƙasashen waje idan annoba ta ɓarke. Ni ina goyon bayan a tura su, kuma abin da ya faru lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo ne ya tsayar da ni a kan wannan ra'ayi.

A watan Satumba na 2014, shugabar ƙungiyar likitoci ta MSF, Dakta Joanne Liu, ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya tana roƙon ƙasashe su aiko da ƙwararrunsu, har da na soja. Ƙungiyar da aka san ta da nisantar masu kaki ce ta yi wannan kira, don tura ta kai bango. Asibitoci sun cika, ana mayar da marasa lafiya daga bakin ƙofa, ma'aikatan jinya suna mutuwa. Soja ne ke da jiragen dakon kaya, da injiniyoyin da za su kafa asibitin tanti, da horon bin ƙa'ida sau da ƙafa. Wannan horon ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke cikin rigar kariya, gumi na taruwa a takalminsa, da ƙyar ya jure awa guda, sannan ya fito ya cire ta ɗaya bayan ɗaya ana fesa masa ruwan kulorin, kuskure guda ya isa ya kamu.

Ingila ta tura sojojinta Saliyo, aka buɗe cibiyar jinyar masu Ebola ta Kerry Town a watan Nuwamba. Amurka ta kai dubban sojoji Laberiya. Sin ma ta aika likitocin sojanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da suka iso. Cutar ta fara ne tun Disambar 2013 a kudancin Gini. Kafin a kammala cibiyoyin da sojojin Amurka suka gina, masu kamuwa a Laberiya sun riga sun ragu, har da yawa daga cibiyoyin ba su kwantar da mai Ebola ko ɗaya ba. Mutum sama da dubu goma sha ɗaya suka rasu a annobar. Nawa ne daga cikinsu za su tsira da an zo tun watan Yuni? Wannan tambayar tana damuna har yau.

Sannan akwai bambanci tsakanin sojan da ya zo da allura da wanda ya zo da bindiga. A watan Agustan 2014 jami'an tsaron Laberiya suka killace unguwar West Point a Monrobiya, aka yi harbi, wani yaro ya mutu, mutane suka ƙara ɓoye marasa lafiyarsu. Abin da ya taimaka wajen karya lagon cutar shi ne lokacin da limamai da dattawa suka amince a sauya yadda ake wanka da binne gawa, su ne kuma suka shawo kan jama'a. Don haka likitan soja baƙo ya yi aiki ƙarƙashin ma'aikatar lafiyar ƙasar da ya je, ya saurari mutanen gari.

Kuma a gwada lafiyar duk wanda za a tura kafin ya tashi. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka kai kwalara Haiti a 2010, dubban mutane suka mutu, sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar a lokacin, ya nemi afuwa. Ina fata wakilanku za su riƙa tambayar hukumomi waɗannan abubuwa tun kafin jirgi ya ɗaga.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku