Umma, ba yunwa ce ta sa na ci ƙaguwa ba

Assalamu alaikum Umma,

Ina wuni, ya gida, ya jikin Abba, ya ƙafar taki da sanyin nan? Nan yanzu ƙarfe 11 na dare ne ku kuma nasan yanzu kuka idar da la'asar, awa 7 ɗin nan da ke tsakaninmu ita ke sa kullum in na samu sukunin kira ke kina kicin, in kin samu ni nayi barci. Shi yasa na zauna na rubuto doguwa, Auta ta karanta miki a nutse bayan isha'i, kar ta tsallake ko layi ɗaya.

Na saurari saƙon muryarki har sau uku, na ukun sai da nayi hawaye, don naji yadda muryarki ke rawa da kika ce wai ko kuɗi ne suka yanke mana har na koma cin ƙwarin ruwa. Wallahi Umma ba haka bane. Gaskiya ne faɗuwar naira ta taɓa mu kamar yadda ta taɓa kowane ɗalibi a nan, amma shinkafa da mai da kaza basu taɓa yankewa a gidan nan ba, alhamdulillah. Abin da kika gani a hoton da Auta ta nuna miki ƙaguwa ce da jatan lande, kuma a ƙasar nan sun fi kaza tsada, abincin fita shan iska ne ba na mai neman abin sawa a ciki ba. Hutu aka yiwa Malam a makaranta ya ce shekararmu guda a Maleshiya banga komai ba sai gida da kasuwa, bari ya zaga damu, shine muka yi kwana huɗu muna yawo.

Kinsan inda muke, Canglun, a jihar Kedah take can arewa dab da iyakar Tailan, ba a bakin teku muke ba, ko ina gonakin shinkafa ne shimfiɗe kamar kin bi ta Kura da Kadawa da damina. To a mota ƙasa da awa guda muka isa wani ɗan gari Kuala Perlis, nan ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Langkawi. Umma ranar na fara tsayawa a gaban teku da ƙafata. Akwai wani masallaci da suka gina a kan ruwan, Masjid Al-Hussain, sai kin bi ta wata 'yar gada zaki shiga, muka yi magariba a ciki ruwa na bugun ginshiƙai a ƙarƙashinmu, na daɗe ban ji natsuwa irin ta ranar ba. Muna fitowa hayaƙin gawayi ya tare mu kamar layin masu tsire da yamma, sai dai nan kifi ake gasawa, ikan bakar suke ce masa, wato gasasshen kifi.

Yadda suke yi shine an jera kifin a kan ƙanƙara, ke zaki zaɓa da hannunki a ɗora a sikeli a faɗa miki kuɗin, sannan ki faɗi yadda kike so a yi shi. Malam ya zaɓi wani wai shi pari, faffaɗa ne kamar faifai da doguwar jela, aka shafe shi da jajjagen barkono aka shimfiɗa a kan ganyen ayaba aka ɗora a garwashi. Ba shi da ƙananan ƙayoyi sam sai guringuntsi, naman yana zarewa zare-zare, takwararki ma ta ci ba tare da na tsaya tsince mata ba. Ana haɗowa da wani ruwan tsamiya da aka yanka albasa da tumatir da ɗanyen barkono a ciki kina dangwala. Sai wani abu sotong, wannan bamu da shi ban kuma san sunan da zan kira shi da namu ba, fari ne sol ba ƙashi, yana da 'yan hannuwa da yawa ta wajen kai, suna yanka shi zobe-zobe su tsoma a fulawa su soya, a baki kamar tumbin da ya dahu sosai. Ƙaguwar kuwa da yaji da ƙwai aka dafa ta, sai an fasa ɓawon ake samun naman, fari tas mai ɗan zaƙi-zaƙi, aikin yafi naman yawa amma ya cancanta.

Maganar halasci da kika tambaya, nima sai da na tambaya kafin na kai baki, ban manta tarbiyyar da kuka mana ba. Malam ya karanto min ayar Suratul Ma'ida ta 96 inda Allah ya ce an halatta muku farautar teku da abincinsa, da hadisin nan da Annabi (SAW) ya ce game da teku ruwansa mai tsarki ne mushensa halal ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa ana ci. Ki tambayi Abba zai tabbatar miki. Su mutanen nan Shafi'iyya ne, abin da naga suna kaucewa shine dabbar da ke rayuwa a ruwa da tudu duka biyu kamar kwaɗo, amma ƙaguwar teku da jatan lande limamansu ma ci suke. Kuma Umma jatan landen nan ai kin sha zuba mana shi, wanda kike aike a siyo a kasuwar Sabon Gari a niƙa a sa a miyar ganye, shine fa, namu an busar da shi tun daga kudu kafin ya iso Kano, na nan kuma manya ne ɗanyu wasu sun kai tsawon yatsa.

Matan da suka yi mana girkin duk da lulluɓinsu, a kan kowane teburi an ajiye 'yar buta ta wanke hannu, da hannun dama suke ci kamar mu, da bismilla.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba don kar hankalinki ya tashi. Watanni ukun farko da na zo bana iya cin komai na ƙasar nan, warin wani abu nake ji a duk abincinsu, kukar da kika ƙullo min da kuɓewa busasshiya su na dinga lallaɓawa har suka ƙare, na rame, Malam yana makaranta tun safe ni kaɗai da yarinya a ɗaki, ba mai shigowa ba inda zani. Maƙwabciyata ce ta fitar da ni daga wannan halin, dattijuwa ce sa'arki, Makcik nake ce mata, kamar a ce Gwaggo ko Inna. Wata rana ta ganni a bakin ƙofa ta kama hannuna har kicin ɗinta, bata jin Turanci sosai ni bana jin Malayanci, ta ɗauko wani dunƙule mai ruwan ƙasa ta gasa a wuta, warin nan da nake gudu ya cika ɗakin. Belacan sunansa, ana faɗinsa belacan da c ɗinmu. Ƙananan jatan lande ne ake cakuɗawa da gishiri a bari su ruɓa a shanya a rana a daka a dunƙule. Ta jefa shi a ɗan turmin dutse da jan barkono ta matsa lemun tsami, ta zubo shinkafa mai zafi ta ce in ci. Ina kaiwa baki na gane abin, daddawa ce Umma! Aikinsu ɗaya, a hanci ba daɗi a miya kuma in babu ita an san babu. Na ruga gida na ɗauko ɗan guntun daddawar da ya rage min na miƙa mata ta shinshina, ta kalle ni ta gyaɗa kai tana dariya, daga ranar na fara cin abincin ƙasar nan kuma daga ranar na samu uwa a unguwar. Ita take kaini kasuwar dare da ake ci sati-sati, ita ta koya min duba idon kifi da jan da ke ƙarƙashin kunnensa kafin in saya.

Daga Kuala Perlis muka je Arau muka hau jirgin ƙasa zuwa Butterworth, daga nan jirgin ruwa ya tsallakar damu tsibirin Pinang cikin 'yan mintuna, kina hango gadar da suka gina tun 1985 mai tsawon kilomita 13.5 ta ratsa teku. Babban garin George Town tsohon gari ne, tun 2008 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, Malayawa da 'yan Sin da Indiyawa duk a cakuɗe, kuma kowa ka tambaya zai ce maka cin abincin titi ake zuwa yi. Muka yi azahar a masallacin Kapitan Keling wanda Indiyawa Musulmi 'yan kasuwa suka kafa tun farkon shekarun 1800, jikokinsu ne ke sayar da nasi kandar a kewayen wajen. Asalin sunan wai daga sandar da masu tallan da suke saɓawa a kafaɗa ne, tukunyar shinkafa a gefe ta miya a gefe, kamar dai 'yan garuwan unguwarmu. Za a zuba miki shinkafa ki nuna abin da kike so, kan kifi ko sotong ko kaza, harda kuɓewa ɗanya da aka dafa guda-guda ba a kaɗa ba, sai mai zubawa ya ɗebo romo kala uku ko huɗu ya kwarara a kai har shinkafar ta nutse, su da kansu ambaliya suke kiran wannan zubin. Abba zai so shi, yajin irin nasa ne.

Amma wanda ya fi zauna min a rai asam laksa ne. Taliyar shinkafa ce mai kauri a cikin romon kifi da aka dafa har ya farfashe, da tsamiya sosai, a watsa na'a-na'a da albasa da kokwamba da abarba a sama. Nasan in kin ji abarba a romon kifi zaki ce ba tsari, nima haka nace, amma tsamin da yajin suna buɗe maƙoshi kamar faten yakuwa ga mai zazzaɓi, sai da na shanye romon tas.

A Pinang dole mutum ya buɗe ido, wannan kam ba wasa. Akwai wata soyayyiyar taliya char kway teow da jatan lande da ƙwai, ƙamshinta kaɗai zai tsayar da kai, amma da yawa daga masu yinta 'yan Sin da kitsen alade suke soyawa, don haka bamu matsa kusa ba sai da muka samu rumfar Musulmi. Manyan gidajen abinci suna liƙa tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar, masu ƙananan rumfuna kuwa ba kowa ke da takardar ba, sai dai ka duba mai sayarwa ka tambaya, kuma gaskiya ko waɗanda ba Musulmin ba in sun ganni da hijabi su da kansu suke ɗaga hannu su ce kar in saya. Wannan halin nasu ya burge ni ƙwarai.

Ba zan ɓoye miki ba an samu matsala sau ɗaya. Akwai wani abu kerang, yana cikin ƙumba guda biyu a rufe, ruwan cikinsa ja kamar jini, ɗan tsoma shi kawai suke yi a tafasasshen ruwa su cire. Ni raina bai kwanta da shi ba ban ci ba, Malam ya ci a wata rumfa a daren ƙarshe ya kwana yana zagayawa, sai da na haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Ya warware washegari da yamma. Tun daga nan muka yanke duk abin da ba a dafa shi ya dahu a gaban idonmu ba bama ci, yarinya kuma kifi kaɗai nake bata sai shinkafa.

Ki gaya wa Yaya akwai tsire a nan, sate suke cewa, 'yan ƙanana ne a tsinke kuma maimakon ƙuli-ƙuli miyar gyaɗa mai zaƙi ake dangwalawa, ba zai kai na gida ba amma yana rage kewa. Mai shayinsu ma haka yake ɗaga kofi sama yana tsiyayowa a wani har yayi kumfa, teh tarik, takwararki in ta gani sai tayi ta tafi.

Yanzu ga roƙona. Akwai matar abokin Malam da zata taso daga Kano ƙarshen wata, Auta tana da lambarta. Don Allah a haɗo min daddawar kalwa mai kyau irin ta wajen Hajiya Babba, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yajin ƙuli, in da hali da ɗan bandan tarwaɗa a naɗe shi sosai a leda saboda wari a jirgi. Nayi wa Makcik alkawarin tuwon shinkafa miyar kuka, shinkafarsu tana tuƙuwa da kyau na gwada, kuma kullum sai ta tambaye ni yaushe kayan mamana zasu iso. Ta ce in gaishe ki, ta bani wani ɗankwali in aiko miki, zan bayar a kawo in matar zata koma.

A gaida Abba da kyau a ce ina neman addu'a, Malam na shirin kare aikinsa bayan sallah. A gaida Yaya da matarsa da yara, da Hajiya Babba, da duk 'yan gidan Kawu. Auta ki turo min hoton Umma tana murmushi bayan kin gama karanta mata, in ban gani ba hankalina ba zai kwanta ba.

Taki,
'yarki ta Kedah