Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Ruftawar Aji Da Makomar 'Ya'yanmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci.
Kwafi: Ciyaman na ƙaramar hukuma, Sakataren ilimi, Kansilan mazaɓarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ƙara wa gidan sarauta daraja. Bayan gaisuwar ban girma irin ta 'ya'ya ga uba, mu talakawanka, iyayen yara maza da mata, da matasa, da dattawan unguwanni, muna neman afuwa tun daga farko in har wata kalma ta fito da zafi a cikin wannan takarda. Ba raini ba ne wallahi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ba mu da wata ƙofar da za mu buga sai taka.

Ranka ya daɗe, mun san labari ya riga ya iso fada amma muna so ka ji daga bakinmu. Daren Larabar nan da ta wuce an kwana ana ruwa da iska, da safe yara suka shiga aji kamar kullum, suna zaune a ƙasa kan buhunan da suke zuwa da su daga gida saboda benci kam mun manta rabon da mu gan shi, can wajen ƙarfe goma bangon ajin 'yan aji uku ya rufto musu. Bangon nan kowa ya san ya tsage tun bara, har icce hedimasta ya sa aka tokare shi da shi. Wata yarinya ta karye a cinya, wani yaro kansa ya fashe, sauran da ƙuje-ƙuje da firgita. Aka kwashe su a guje zuwa ƙaramin asibitinmu sai aka tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikaci ɗaya ne tal, an ce ya tafi hedikwata karɓo magani. Yarinyar nan a bayan a-kori-kura aka shimfiɗe ta kan buhunan masara, uwarta na riƙe da ƙafar tana kuka, har babban asibiti. Allah ne kawai ya tsare ba a yi jana'iza ba. Daga ranar zuwa yau iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu komawa, kuma mu ba mu ga laifinsu ba.

Abin da ya fi ƙona mana rai, Allah ya taimake ka, a cikin satin nan dai aka kafa rumfuna a sakatariya, aka kira makaɗa, aka raba wa matasa baro da injin taliya da 'yan kuɗi a ambulan, aka ɗauki hoto aka watsa a Facebook wai an samar da aikin yi. Ba mu raina kyauta ba. Amma je ka kasuwa ranar da take ci ka ga barorin nan an jera su ana sayarwa da fentinsu sabo. Kuɗin rumfa da makaɗa kaɗai da ya tada bangon nan.

Kuma ba yau muka fara magana ba. Mun rubuta, mun tura wakilai, kwamitin makaranta ya je, 'yan ƙungiyar iyaye da malamai sun je, an ce mu kawo hoto mun kawo, an ce mu jira kasafin kuɗi mun jira, wani zuwan a ce oga ya yi tafiya, wani zuwan a ce fayil ɗin yana sama. An taɓa turo wasu da tef suka auna gini suka sha ruwan sanyi suka tafi. Mu da kanmu mun yi karo-karo muka sayi kwano muka rufe aji biyu, iska ta sake yaye ɗaya. Har mun daina ƙirgawa.

Ranka ya daɗe, maganar ta wuce bango. Ka dubi injin casar shinkafa da wani bawan Allah ya kafa a bakin titi, wanda muka yi ta murna arziki ya zo gari. Wa yake juya injin? Wa yake gyaran lantarki? Wa yake riƙe da littafin lissafi da kwamfuta a ofis? Duk baƙi ne, daga Kano da Kaduna da kudu aka ɗauko su, ana ba su albashi da ɗaki. Namu yaran dako suke yi, buhu a ka daga safe zuwa magariba, a biya su a kan kowane buhu, ranar da babu lodi babu ko sisi. Mai injin ba mugu ba ne, da bakinsa ya ce ya nemi yaron gari da zai iya karanta takardar injin ya rasa. Haka famfon sola da aka yi mana, ya lalace wata da watanni saboda babu mai iya taɓa shi a duk faɗin gundumar nan sai an ɗauko mutum daga birni an biya masa kuɗin mota. Shinkafar tamu ce, gumin namu ne, amma kuɗin da ya fi tsoka yana bin mai sani ya fice daga gari. To ina ci gaban yake? Yaran da suka gaji da dako su ne kake ji sun tafi Legas da Abuja acaɓa da turin ruwa, wasu ramin haƙar zinare, wasu kuma ba ma son mu faɗi inda suka shiga, kai ma ka sani.

Wasu daga cikinmu sun ɗan yi karatu, sun ce mu sanar da kai cewa ba bara muke yi ba, haƙƙi ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, kuma tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, don irin wannan gyara, sai dai jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mu ne muke shan wuyar tsadar, kuma a rediyo muke ji kason da ake rabawa jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To mu dai ba mu gani a ƙasa ba. Bankin Duniya a 2020 ya ce yaron da aka haifa a Najeriya, saboda raunin ilimi da lafiya, kashi 36 cikin 100 kacal zai iya samarwa na abin da ya kamata ya samar in ya girma. Wannan fa lissafin ƙasa ne gaba ɗaya har da 'ya'yan masu hali, ina ga ɗan ƙauyenmu da ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba.

Kuma an taɓa yi an gani. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka riƙa zaƙulo 'ya'yan talakawa masu ƙwaƙwalwa daga ƙauyuka ana kai su, yau likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba su ƙirguwa. Sardauna bai jira arewa ta yi kuɗi ba kafin a kafa jami'a a Zariya a 1962. Koriya ta Kudu da muke riƙe da wayoyinsu na Samsung ba su da rijiyar mai irin tamu, yaƙi ya bar su a talauce a 1953, makaranta da koyon sana'a suka rungume. Mu ba ma jami'a muke roƙo ba.

Don haka muna roƙon Mai Girma Hakimi, don girman Allah, ya shige mana gaba:

A rushe ragowar ginin da ya tsage a gina sabo kafin ya kashe wani, kuma a ba mutanen gari ido a kan kwangilar, kar a kawo mana bulo mai yashi zalla a shafe da fenti. A ɗauki nauyin jinyar yaran da suka ji rauni, iyayen yarinyar nan har akuya sun sayar.

A turo mana malamai, musamman na lissafi da Turanci da kimiyya, waɗanda za su zauna a garin, ba masu zuwa ranar albashi ba. Malamai kaɗan ne ke fama da ɗaruruwan yara, ɗaya ma yana dab da ritaya. Muna da 'ya'yanmu masu takardar shaidar malanta ta NCE suna zaune a gida, wasu suna koyarwa kyauta, me zai hana a ɗauke su? Da malamai mata, don iyaye su saki jiki su bar 'yan mata su wuce aji shida.

A ƙara ma'aikaci a asibiti da ungozoma, ya zama ba a rufe shi don mutum ɗaya ya yi tafiya.

Cibiyar koyon sana'a da aka gina aka kulle, wadda yanzu awaki ke kwana a barandarta, a buɗe ta a kawo masu koyar da walda da gyaran lantarki da haɗa sola da gyaran injin ban ruwa da kwamfuta. Kuɗin da za a sake sayen baro a zuba su nan. Muna kuma roƙon ka kira mai injin shinkafa da sauran masu hali na garin nan ka yi musu magana irin ta uba, kowa ya ɗauki yara ko biyu ko uku a matsayin 'yan koyo a ƙarƙashin ƙwararrunsa, mun tabbata ba za su ƙi jin maganarka ba.

Sannan benci, ranka ya daɗe. Da banɗaki na 'yan mata. Da bangon nan dai, mun sake maimaitawa, damina ba ta ƙare ba kuma ajin da ke kusa da shi ma ya fara tsagewa.

A namu ɓangaren mun yarda za mu kawo yashi da ruwa da ƙarfinmu kyauta, kuma masu unguwanni za su bi gida-gida a mayar da yara aji da zarar an gyara. Muna roƙon ka sa mana rana mu zo fada, a kira ciyaman da sakataren ilimi su ma su zo, su faɗa a gabanka ranar da za a fara aiki, don mu a ofis ba a ba mu amsa. In da hali ma ka taka da kanka ka ga wurin, ba mu kwashe ƙasar bangon ba, mun bar ta yadda ta faɗi.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Hakimi, ya ba ka ikon share mana hawaye, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara, matan gari, matasa da dattawan unguwanni.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna haɗe a bayan takarda.