Zuwa ga Babana, kafin ku tashi zuwa Ingila

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ran da ka zo sallama gidan cike yake da jama'a, ban samu na keɓe da kai ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar kuɗin da za ka tafi da su ce ke cina.

Na san abin da ke hannunka: kuɗin filin da muka sayar, da ɗan abin da ka tara a shekarun da ka yi kana aikin jinya. Halaliyarka ce. To amma jami'in da zai tare ka a filin jirgi bai san ni ba, bai san filin ba, takarda kaɗai ya sani. Saboda haka takardar cinikin filin, da bayanin asusunka na banki, da rasit ɗin canji, ka haɗa su a jakar hannu, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Idan za ka yi canji a Wapa, je wurin mai lasisi wanda zai rubuta maka rasit, ko da farashinsa ya ɗan fi na ɗan bakin titi.

A nan gida, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce duk mai fita da abin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa a wani kuɗin, sai ya bayyana wa kwastan. Wanda ya ɓoye aka gano, EFCC ake miƙa shi, kuma hukuncin shi ne a ƙwace kuɗin, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyu ba, ko a haɗa masa duka. A Ingila kuwa iyakar fam 10,000 ce, kuma ana iya cike fom ɗin ta intanet cikin awa 72 kafin sauka. Kada wani ya ba ka dabarar ka raba kuɗin, rabi aljihunka rabi jakar matarka. Su a can jimillar abin da iyali ke ɗauke da shi suke ƙirgawa, tarar rashin bayyanawa kuma tana kaiwa fam 5,000. Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba, bayyanawar ba a cire maka ko kwabo a kanta. Tsoron banza ne ke jefa mutum cikin laifin da da farko babu shi.

Ni dai son raina kada ma ka kusanci wannan iyakar. Ɗauki abin da zai riƙe ku mako biyu ko uku, sauran ka bar shi a asusunka na kuɗin waje, in ka buɗe asusu a can ka tura ta banki. Ƙasar ba ta tsabar kuɗi ba ce yanzu. Motocin bas na Landan sun daina karɓar kuɗi a hannu tun 2014, mai gidan haya kuma ta banki zai so kuɗin ajiyarsa, wanda doka ta ce yawanci kada ya wuce hayar mako biyar. Ka kuma duba abin da ɗan canji zai miƙa maka: tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda an daina ciniki da su tun 30 ga Satumba, 2022, na leda ake karɓa. Ka nemi ƙananan canji, don masu shaguna da yawa ba sa son 'yar hamsin.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Saƙo.

Daga yau har ranar tafiya, mutane za su yi ta zuwa. Wannan ɗansa na karatu a Manchesta, wancan ƙanwarsa na aure a Bamingam, kowa da ambulan ɗinsa a liƙe, "don Allah don Annabi ka miƙa." Na san halinka, ba ka iya kallon idon babba ka ce a'a, kuma mu muka yi maka wannan tarbiyyar. Amma a kan wannan na ce ka ƙi. Duk abin da ke jikinka a bakin iyaka kai ne da alhakinsa a idon doka, kuma ba ka da takardar da za ta nuna inda kuɗin wani suka fito.

Ba ji na yi ba, gani na yi. Lokacin da nake fataucin atamfa, wani da muke sallah sahu ɗaya ya ba ni ambulan, ya faɗa mini adadi, ban ƙirga ba don kunya. A kan iyaka aka buɗe, abin da ke ciki ya ninka abin da ya faɗa. Kwana biyu na yi a tsare, kayana na zube a rana, wanda ya ba ni saƙon kuwa, da aka tuntuɓe shi, cewa ya yi bai san zancen ba. Ni ɗan kasuwa ne, na karkaɗe rigata na ci gaba. Kai bizarka a ɗaure take da aikinka da kuma lasisin jinyarka. Tabo ɗaya ya isa ya tafi da su duka. Wanda ya matsa, ka ce mahaifinka ne ya hana, ya zo ya same ni. Na ɗauki wannan baƙin jinin.

Haka in ka zauna a can. Za ka haɗu da masu cewa a tura kuɗi asusunka ka cire ka ba su, da ɗan la'ada a kai. Banki na rufe asusu a kan wannan, kuma mai asusun ake tuhuma. Ko ɗan unguwarmu ne, kada ka ba da aron asusunka.

Kada ka gaggauta aiko mana da komai a watannin farko, ka fara tsayawa da ƙafarka. Mahaifiyarka ta yi muku odar kilishi, na ce a raba wa yara, don ba a shiga Ingila da nama daga nan. Da kun sauka ka kira ta, ka san ba za ta runtsa ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare gabanku da bayanku, ya yi muku albarka.

Mahaifinka.